Darasin Wannan Wata: Kafin Mota Ta Tashi

  Ga kaka ta kama, rumbuna sun fara cika, kuma nan da 'yan makonni kowa zai shiga neman motar da za ta kai masa dawa da masara da waken suya kasuwa. Bayan wannan ga tafiye-tafiyen ƙarshen shekara, taron Zumuntar Mata, bukukuwan aure da Kirsimeti. Saboda haka na ajiye darasin adana hatsi sai wata mai zuwa, na ce bari mu yi magana a kan abin da kowa ya ke ganin ya iya, watau shiga mota.

Na san wani zai yi dariya ya ce, "Malamin gona, yanzu kuma shiga mota za ka koya mana?" Ku yi mini haƙuri ku ji dalili.

Bara waccan wata ƙungiya da na ke aiki da ita ta yi shatar Canter domin kai masara kasuwa. An gama lodi da hantsi, buhuna sun wuce bakin bodi. Motar ba ta tashi sai an tura, don haka direba ya tsai da ita a ɗan gangare kusa da sito, karen mota ya sa dutse a gindin taya maimakon waigi. Mutane suka fara hawa, kowa ta inda ya ga dama. Wata 'yar ƙungiya, da goyo a bayanta, ta ɗora ƙafa a kan tayar baya ta gefen dama, ta miƙa hannu a jawo ta. Daidai lokacin direba ya leƙa madubinsa na hagu, bai ga kowa ba, ya ce, "Mu je!" Karen mota ya zare dutse. Taya ta juya da ƙafarta. Da ta ji za ta faɗi da baya a kan yaron, sai ta murɗa jiki ta sauka a kan kwatangwalo. Yaro ko ƙwarzane bai yi ba, amma ita ta karye a cinya. Daminar da ta biyo baya ba ta riƙe fartanya ba, kuma kuɗin da aka kashe a asibiti ya ci masarar gidansu ta shekara, har da akuya biyu.

Motar nan ba ta yi tafiyar taku goma ba. Ina wurin, da littafi a hannuna ina ƙirga buhuna. Na ga dutsen, na ga goyon, na ga yadda a ke hawa, na yi shiru, gama dattawa ne suka yi ciniki da direba, ni kuwa yaro ne a cikinsu. Har yau in na gamu da matar nan tana ɗingishi sai in rasa inda zan sa idona.

Abin da na koya shi ne, da zarar mota ta tashi ranka ya koma hannun direba, sai dai addu'a. Iyakar ikon da fasinja ke da shi yana cikin 'yan mintocin nan kafin a tashi: wace mota, wane direba, ina zan zauna, me aka ɗora tare da ni. Mutum ɗaya a tasha ba shi da baki. In ya ce lodi ya yi yawa, ɗan kamasho zai ce masa, "Sauka, ga wani yana jira." Amma ƙungiyar da ta yi shatar mota da kuɗinta ita ce uwar ɗakin direba a wannan rana, tana da ikon gindaya sharaɗi. Wannan iko ne mu ke zubarwa saboda kunya da son araha.

Duba mota, duba direba

Ba wanda zai sayi sa bai duba haƙoransa da kofatansa ba. Haka ya kamata mutum biyu daga ƙungiya su zagaya motar kafin a gama ciniki. Ba sai kana bakanike ba. Ka duba tayoyi: in zanen taya ya suɗe har ba zai ɓoye kan ashana ba, ko ka ga kumburi ko tsagewa a gefe, wannan taya tana jiran ranarta ne kawai. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna lokacin da aka yi ta. In ka ga 2319, ma'anarsa mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana gargaɗi cewa taya ta tsufa in ta shekara huɗu daga ranar da aka yi ta, ko da zanenta yana nan. Roba tana bushewa kamar igiyar guga da aka bari a rana.

Ka roƙi direba ya taka birki ka ga ko ƙafarsa tana nutsewa har ƙasa. Ka ga ko fitilu suna kamawa, ko akwai safaya da jak da waigi na gaske, ko ƙofofi suna buɗuwa daga ciki. Mun saba da motar da a ke ɗaure ƙofarta da igiya, ko wadda sai karen mota ya zagayo ya buɗe daga waje. Ran da wuta ta tashi, wa zai zagayo?

Sa'an nan ka matsa kusa da direba ka gaishe shi da kyau, ka tambaye shi gida da hanya. Ladabi ne, kuma a cikin gaisuwar za ka ji ko bakinsa yana warin burkutu, ka ga ko idonsa ya yi jawur don ƙwaya ko rashin barci. Direban da ya kwana a hanya daga Kontagora ya iso da asuba, a ba shi tabarma da koko ya huta kafin a ɗora masa mutane. Mu kanmu kuma mu bar al'adar nan ta saya wa direba ƙwarya ɗaya ran kasuwa wai don a faranta masa.

Kaya daban, mutane daban

A nan zan daɗe, gama a nan mu ke mutuwa.

Kowace motar kaya tana da nauyin da aka yi ta domin ta ɗauka. A ce motar ta tan 3 ce. Buhun masara 30 masu kilo 100 sun cika ta ke nan. In mutum 20 suka hau bisa, kowanne a ce kilo 60, an ƙara kilo 1,200, watau buhu 12 da ba wanda ya rubuta a littafi. Birkin da aka yi domin buhu 30 yanzu an ce ya tsai da 42 a gangare. Ga kuma tsawo. Duk macen da ta taɓa ɗaukar itace ta san ƙaramin dami mai faɗi yana zama a kai lafiya, amma dogon dami da an ɗan karkata sai ya rinjaye ta. Haka mota ta ke. In nauyi ya hau sama, ƙaramin rami a gefe ɗaya ko kwana mai kaifi ya isa ya kwantar da ita, kuma hanyoyinmu na ƙasar Zuru, tsakanin duwatsu da kwazazzabai, ba su rasa ko ɗaya daga cikin biyun ba. Wanda ke bisa kaya kuwa ba abin da ya riƙe shi. In mota ta kwanta shi ne farkon isa ƙasa, buhunan kuma su biyo shi.

Ba labarin nesa ba ne. A watan Nuwamba na 2023, a ƙauyen Takalafiya cikin ƙaramar hukumar Magama ta jihar Neja, a hanyar Yauri zuwa Kontagora, wata tirela da ta taso daga wajen Sakkwato ɗauke da albasa da mutane fiye da 200 ta kife, aƙalla mutum 17 suka mutu, sauran da yawa suka ji rauni. A watan Satumba na 2024 kuma, a ƙaramar hukumar Agaie, motar da ta ɗauko shanu da mutane tare ta yi karo da tankar mai, mutum 48 ko fiye suka ƙone tare da shanu wajen 50. Waɗannan mutane talakawa ne irinmu, masu neman rangwamen kuɗin mota.

Na san amsar da za a ba ni, kuma ban raina ta ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya tashi ƙwarai, kuma kowa yana so ya bi hatsinsa ya ga an auna da idonsa. Amma mene ne amfanin ƙungiyar gama kai in har mutum 20 sai sun bi buhu 30? Ai domin wannan aka zaɓi ma'aji da magatakarda. A rubuta sunan kowa a jikin buhunsa, a shigar a littafi, mutum biyu amintattu su bi kaya a gidan gaba, su komo da kuɗi da lissafi a gaban kowa. In akwai waɗanda lalle sai sun je cefane, su haɗa kuɗi su shiga bas, ko motar ta yi sawu na biyu da benci a ciki, kowa ya zauna ƙasa da bakin bodi, ba mai ratayo ƙafa waje. Ran da matar nan ta faɗi, kuɗin sawu na biyu bai kai kuɗin buhu ɗaya ba. Mun ƙi fid da buhu ɗaya, gida ɗaya ya fid da rumbu.

Akwai kuma kayan da ba sa zama ɗaki ɗaya da mutane ko kaɗan. Galan ɗin fetur a ƙarƙashin kujera ko tsakanin ƙafafu, wani kuma a baya yana kunna taba. Maganin feshi na ciyawa da na ƙwari, wanda in ya tsiyaye a kan garin tuwo ko kan zanen goyo ba a gane wa sai ciwo ya tashi. Hatsin da aka sa wa ƙwayar Phostoxin kwanan nan, gama ƙwayar tana fid da iska mai guba, kuma ƙananan motoci irin Golf but ɗinsu a buɗe ya ke da inda fasinja ke zaune. Lauje, adda, gatari da garma a naɗe bakinsu da buhu a kwantar a ƙasa can baya. Akuya a ɗaure ta sosai, kada ta zabura ta faɗa wa direba.

Ta wane gefe a ke hawa?

Tsofaffinmu suna tuna ranar canjin hannu. Ran Lahadi 2 ga Afrilu 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, Nijeriya ta bar tuƙi a hannun hagu irin na Ingila ta koma hannun dama, domin ta daidaita da maƙwabtanta irin su Nijar, Kamaru, Cadi da Dahomey, wadda yanzu a ke kira Benin. Tun daga ranar, bakin hanya yana gefen dama na mota, motocin da ke wucewa kuma suna gefen hagu. Shi ya sa ƙofar bas ta ke dama. Saboda haka shiga da fita ta dama a ke yi. Wanda ya buɗe ƙofar hagu ba tare da ya waiwaya ba, ya shimfiɗa wa mai babur tarko ne, ya kuma miƙa ƙafarsa ga abin da ke tahowa.

Amma ga wani abu da ban lura da shi ba sai bayan haɗarin nan. Direba yana zaune a hagu, don haka gefen dama, inda mu ke hawa, shi ne gefen da ya fi ɓoyuwa gare shi, balle in madubin dama ya fashe kamar yadda ya ke a yawancin motocin kasuwa. Bayan babbar mota kuwa ba ya gani sam. Maganin wannan shi ne a sa mutum ɗaya, ɗan ƙungiya, ya tsaya inda direba ke ganinsa. Shi kaɗai ne zai ce a tashi, bayan ya zagaya motar ya ga kowa ya zauna, ba yaro a ƙarƙashi ko a baya. Kafin ya yi magana, mota tana kan fili mai laushi ba gangare ba, birkin hannu a ja, waigi a gindin taya.

Taya ba matakala ba ce. A sauke ƙofar baya, a kawo benci ko tsani ƙarami. Ƙungiyarmu ta sa kafinta ya yi mana mai hawa uku, yana sito kullum. Wannan ya raba mu da wani abin kunya kuma, watau mace da zani tana kokawar hawa bodi, samari suna tsaye a ƙasa. Tsofaffi da mata su fara hawa, wata mace ta tsaya bisa tana karɓarsu, samari su zo daga ƙarshe. Mai goyo ta kwance yaro ta miƙa, ta hau, sa'an nan a miƙa mata. Ko ƙaramar mota ce a kwance goyo tukuna, gama sau nawa mun ga an buga kan jariri a bakin ƙofa, kuma in uwa ta zauna da shi a baya, duk birkin da aka taka tsakanin bayanta da kujera a ke matse shi. Mai rufe ƙofa ya ce "Hannu!" da ƙarfi, ya jira, kana ya rufe.

Wajen sauka, a bari mota ta tsaya cik. Samari suna ganin dira daga mota tana tafiya bajinta ce don sun ga karen mota yana yi. In ka sauka kada ka ƙetare ta gaban motar ko ta gindinta. Bari ta wuce ka ga hanya dama da hagu.

Gidan gaba da girmama manya

Mu mutane ne masu ladabi. Wanda ya yi golmo shekara da shekaru a gonar surukinsa ba sai an koya masa ba da wuri ga babba ba. In ka shiga mota ka yi sallama ka gai da waɗanda ka tarar, kada ka tsallake ƙafar dattijo, kada ka kai hannu aljihun wani wai kana neman wurin dafawa, in za ka tofar ko ka yi amai ka roƙi a tsaya. Duk wannan mun iya. Gidan gaba kuwa na babba ne, fasto, ko mai unguwa, ko suruki. Ban ce a bari ba.

Sai dai mu duba irin girman da mu ke ba su. A ƙaramar mota kujerar gaba ta mutum ɗaya ce, bel ɗinta ma ɗaya ne. Mu kuwa sai mu sa dattijo, mu ƙara masa wani dattijon a kan giya, wani lokaci har a matsa wa direba wani a kujerarsa ya riƙa tuƙi da rabin jiki a waje. Ba mai iya ɗaura bel a cikinsu, direba kuma in zai canja giya sai ya nemi gafara. Mun ɗauki mutumin da muka fi girmamawa mun ajiye shi dab da gilashi ba abin da ya riƙe shi. In da gaske girmamawa mu ke nufi, mu biya kuɗin kujerar duka, ya zauna shi kaɗai, ƙaramin cikinmu ya jawo bel ya ce, "Baba, bari in ɗaura muku."

Wasu dattawa suna ƙi, wai ba su son a ɗaure su kamar rago, ko kuma tafiyar kusa ce, daga nan zuwa Ribah kawai. Ga abin da na ke faɗa musu. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa, in ta daki kututture ta tsaya nan take, jikinka bai san ta tsaya ba, yana ci gaba da gudunsa. Ƙarfin da za ka daki gilashi da shi daidai ya ke da na wanda ya faɗo daga giginya mai tsawon mita 10. In gudun 80 ne, mita 25. Ba hannun da zai dafe wannan. Wani injiniya mai suna Nils Bohlin ne ya ƙago bel irin wanda ke bi ta kafaɗa da ƙugu, a kamfanin Volvo na ƙasar Suwidin a 1959, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana rage haɗarin mutuwa ga wanda ke cikin mota har da rabi. A Nijeriya an fara tilasta ɗaura shi ran 1 ga Janairu 2003, kuma a dokar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta 2007 an yanka tarar naira 2,000 ga wanda bai ɗaura ba, naira 10,000 ga mai lodin da ya wuce kima. Tarar ba ta dame ni ba. Abin da ke ba ni haushi shi ne direban da ke rataya bel a kafaɗa in ya hango jami'ai, ya sake shi da an wuce, kamar su ne za su daki gilashin. Na baya ma su ɗaura in akwai, gama wanda bai ɗaura ba a baya kan na gaba ya ke faɗawa.

Yara kuma wurinsu baya ne. Ka'idar hanya ta ƙasarmu ta ce yaron da bai kai shekara 12 ba kada ya zauna gaba. Uwa tana ganin ta rungume ɗanta a cinya ya tsira, amma yaro mai kilo 10, a karon da aka yi da gudun 50, yana iya fizgar hannunta da nauyin buhun masara biyu. Kada kuma a ɗaura bel ɗaya a kan uwa da yaro tare, gama nauyin uwar zai matse shi. Kujerar jarirai ta musamman ita ce ta fi, na kuwa san ba mu da ita a Kanya. Abin da mu ke iyawa shi ne mai jariri ta zauna a baya, nesa da ƙofar da ba ta kulluwa, a kuma gaya wa direba tun kafin a tashi cewa akwai jarirai a motar.

Wannan ya kawo mu ga magana da direba. Yawancinmu in gudu ya yi yawa sai mu runtse ido mu yi ta addu'a a zuci, ba mai son a ce shi ne matsoraci. Ka'ida ta ce ƙananan motoci da bas kada su wuce 50 a cikin gari da 80 a babbar hanya, tirela da tanka kuwa 45 da 50. A hanyar burji mai gargada ko waɗannan sun yi yawa. In aka ninka gudu biyu, nisan da mota za ta ja kafin birki ya tsai da ita yana ninkuwa huɗu. A yi magana da ladabi, babba ya fara, sauran su goyi baya: "Malam direba, don Allah a sassauta, muna da masu goyo, ba ma sauri." In yana waya, na kusa da shi ya ce, "Kawo in amsa maka." Zagi da gardama ba sa rage gudu, ƙara shi su ke yi.

Babur ba zan daɗe a kansa ba, ko da ya ke shi ne motar yawancinmu yanzu. A hau ta hagu, gama salansa mai zafi yana dama. A tattara zani, gyale da babbar riga kada su shiga taya. Hular kwano doka ce tun 1 ga Janairu 2009, kuma ƙungiya tana iya sayen guda biyu a ajiye a sito domin mai tafiyar aikin ƙungiya. Miji da mata da yara uku da buhu a kan babur ɗaya, gida ne duka aka ɗora a kan taya biyu.

Lokacin tashi

Ba sai na gaya wa mutumin Kanya halin da hanyoyinmu suka shiga ba. A nan garin ne, a watan Maris na 2022, 'yan bindiga suka auka wa ayarin mataimakin gwamnan jihar Kebbi na lokacin, Samaila Yombe Dabai, jami'an tsaro da yawa suka rasa rayukansu. Tsoro ya ƙara mana wani haɗari da ba a cika faɗa ba. Da la'asar ta yi kowa yana so ya bar kasuwa kafin duhu, sai mutum 40 su rufa wa mota ɗaya ta ƙarshe, direba kuma ya taka wuta don shi ma yana tsoro. Gudun wani abu sai mu faɗa wani. Saboda haka lodi a yi shi tun daren jiya, a tashi da sassafe bayan an tambayi labarin hanya, a kuma yanka lokacin komowa tun rana tana sama, ko an sayar ko ba a sayar ba. In dare ya kama, a kwana wurin 'yan'uwa.

Magatakarda ya rubuta sunan duk wanda ya shiga, da lambar mota da ta wayar direba, ya bar takardar a gida. 'Ya'yanmu masu zuwa neman aiki Abuja ko Kaduna a ja musu kunne su shiga mota a tasha inda a ke rubuta suna, kada su tsai da ta bakin hanya don ta fi araha, gama akwai ɓarayin da ke shiga kamar fasinjoji. In haɗari ya faru, lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122, inda waya ke kamawa. Wanda ke kukan wuya ko baya kada a ja shi ta hannu ko a naɗe shi a kan babur. A kwantar da shi a kan ƙyaure ko katako, wani ya riƙe kansa daidai da jikinsa.

Bayan abin da ya same mu, ƙungiyar nan ta zauna. Na tashi na faɗi abin da na gani na yi shiru a kai. Shugaba, tsoho ne da ya girmi mahaifina, ya ce, "Malam, ai da ka faɗa." Na ce, "Baba, na ji nauyinku ne." Ya ce to a rubuta a littafi cewa ran lodi mai ba da hannu shi ne sarki, ko da shi ne autan ƙungiya, kuma ba a biyan direba cikon kuɗinsa in ya ɗauki mutum a bisa kaya a hanya. Direba biyu sun ƙi sharaɗin suka tafi. Na uku ya karɓa, shi ke yi mana jigila har yanzu, ya ce tayoyinsa ma sun fi daɗewa.

A taronku na wannan wata, bayan an karanta darasin nan, ku tambayi juna sawu nawa kuka yi bara da mutane a bisa kaya, ku lissafta abin da sawu na biyu zai ci a kan kowane buhu, ku zaɓi masu duba mota biyu da mai ba da hannu ɗaya, a sa mace a cikinsu. Ƙungiyar da ke son awon tsanin nan mai hawa uku ta aiko mini ta hannun magatakardanta, ko ta tare ni in na zo zagayen duba rumbuna.